Furanni a Bango, Bashi a Wuya: Sabon Adon Ɗakin Amarya a Ƙasar Gumel

A daminar 2024 gidajen ƙasa sun yi ta zubewa a sassan Jigawa, wasu a kan masu su cikin dare, kamar yadda aka gani a daminar 2022. A Nuwamban 2022 ɗin ne kuma Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta fitar da rahotonta na talauci, ta sa Jigawa cikin jihohin da sama da kashi 80 cikin 100 na jama'arsu ke cikin ƙunci. A wannan hali ne wani yayi ke ƙara kafuwa a ɗakunan amare daga Gumel zuwa Maigatari, daga Gagarawa zuwa Sule Tankarkar: a lulluɓe bango guda, wani lokaci duka huɗun, da manya-manyan furanni, ko dai na takardar nan da ake mannawa da gam, wadda 'yan kasuwa ke kira wolfefa, ko kuwa na fenti. Abin da ya tayar mini da hankali shi ne, kuɗin da ya kamata ya shiga jikin bango yana ƙarewa a fuskarsa, kuma sau da yawa mai biyan rance ya ciwo.

Dalilan da aka fi ambata ba sa buƙatar dogon bayani. Wayar hannu ta shigo da ɗakunan Dubai da na Turkiyya har cikin ƙauyukanmu, ta TikTok da Facebook da WhatsApp. Finafinan Kannywood sun daɗe suna nuna falo mai kyalli a matsayin alamar an ci gaba. Kayan China kuma sun cika kasuwannin Kano, direban da ya kai lodin riɗi ko zoɓo Dawanau yana iya dawowa da bandir biyu a bayan mota. Shi ma zaɓin furanni a fili yake. Malamai sun tsananta kan hoton abu mai rai, kuma sananne ne cewa Ibn Abbas ya shawarci wani mai sana'ar zane da ya koma zanen bishiyoyi da abin da ba shi da rai. Fure ado ne da uwar amarya za ta sa a ɗakin 'yarta ba tare da liman ya ɗaga gira ba.

Duk waɗannan hanya suka buɗe kawai. Abin da ke tura mutane cikinta shi ne gasar kayan ɗaki, kuma ita ta girmi wayar hannu nesa ba kusa ba. Iyayenmu mata sun san zamanin jeren ƙwarya da tasoshi, sannan na langa da kwalla da fanteka, a ɗora su daga ƙasa har rufin ɗaki, daga baya aka koma kabad mai gilashi cike da tangaran. A kowane zamani bangon ɗakin amarya shi ne allon da dangi ke rubuta darajarsu, 'yan ganin ɗaki su karanta, su kai labari gida-gida. Furen bango ya gaji wannan gurbi ne. Sai dai akwai bambanci babba da ba a cika lura da shi ba. Jere dukiyar mace ce. Ranar da ciwo ya zo, ko bikin ƙanwa ya taso, ko aure ya mutu, tana sauke kwallarta ta kai wa dillaliya ta karɓi kuɗi. Abin da aka manna a bango kuwa ya zama na bango, bangon kuma na miji ne ko na mai gidan haya. Idan an yi saki, gado da katifa da kujeru suna hawa mota, furen yana nan yana jiran wata amaryar. Ke nan mun ɗauki wani kaso na jarin da al'ada ta tanadar wa 'ya mace, mun mayar da shi abin da ba ya sayuwa, ba ya ɗaukuwa, ba ya shiga gado.

Wayar hannu ta ƙara wa gasar zafi ta wata fuska. A da, masu ganin ɗaki matan unguwa ne da dangi, kuma sun san ƙarfin uban yarinya, suna yi masa uzuri. Yau ana gama jere ake ɗaukar bidiyo, kafin magariba ya kai Kano da Damagaram, kuma wanda ke kallo a waya bai san ko uban manomin gero ne a Sule Tankarkar ko dillalin shanu ne a kasuwar Alhamis ta Maigatari ba. Kyamara kuma bango take fara kamawa. Shi ya sa za ka ga an rage ingancin katifa, an sayi gado na katakon da ba zai shekara uku ba, domin kuɗin ya isa a rufe bangon da zai fito a hoto. Uwa ba ta son a ce ɗakin 'yarta ya kasa na 'yar kishiya, uba kuma ba ya son a ce ya gaza, sai a sayar da ragon layya, ko a taɓa rumbu, ko a jinginar da gona.

Wannan yana faruwa ne a lokacin da aljihun yankin ya sha duka sau biyu. An rufe iyakar Maigatari daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, aka sake rufe ta bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 har zuwa Maris ɗin 2024, kuma kowa ya san abin da rufe iyaka ke yi wa garin da cinikinsa ya dogara da ƙetare. A tsakiyar 2023 aka cire tallafin man fetur aka saki naira, dalar da gwamnati ke sayarwa a wajen naira 460 ta haura 1,500 a 2024. Wolfefa kayan waje ce, da dala ake shigo da ita. Duk bandir ɗin da aka manna a Gagarawa, mafi yawan kuɗinsa ya tafi Kano, daga Kano ya wuce China. Abin da ya rage a gari shi ne ladan yaron da ya shafa gam. Nauyin kayan ɗaki kuwa ya riga ya isa: da gwamnatin Kano ta ɗaura auren gata na amare 1,800 a Oktoban 2023, gado da katifa na cikin abin da ta raba, domin ta san a nan auren talaka yake maƙalewa. Ƙara wani sabon farilla a kan wannan jeri jinkirta auren 'ya'yanmu ne.

Sannan kayan ba na ƙasarmu aka yi wa ba. A bazara zafi yana wuce digiri 40, rufin kwano yana mayar da ɗaki tanda, gam ya bushe, gefen takarda ya fara ɗagowa. Da damina bangon ƙasa, ko wanda aka yi wa filasta a kan ƙasa, yana shan laima daga tushe, kuma yana buƙatar ya fitar da ita. Takarda mai fuskar leda tana tsare laimar a ciki, funfuna ta tsiro a baya, gara ta sami abinci, kyankyaso da kuɗin cizo su sami maɓoya. Mafi muni, tana rufe tsaga. Magini yana gane lafiyar gini ne da ido, ya ga inda ya dare ya yi yaɓe kafin ruwa ya sauka. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, to ina ga tsagar da aka lulluɓe da furen wardi, ba wanda zai gan ta sai ranar da ta buɗe gaba ɗaya?

Masu kare yayin suna da abin cewa, kuma ba duka ne shirme ba. Macen da ke wuni a ɗaki tana da haƙƙin ta buɗe ido ta ga abin da zai faranta mata rai. Samari da dama sun sami abin yi da liƙa takarda da fenti da fiyofi, maimakon zaman majalisa. A gidan bulo mai kyakkyawan tushe kuma, takarda mai inganci tana iya daɗewa. Na yarda. Amma gidan bulo mai kyakkyawan tushe ba shi ne gidan yawancinmu ba, kuma farin cikin da zai ɓare kafin a yaye ɗan fari, ya bar uba da bashi, ya yi tsada da yawa.

Abin takaicin shi ne, ba mu da talaucin ado da zai sa mu yi aro. Ƙasar Gumel tana tsakanin Kano da Damagaram, garuruwa biyu da suka shahara da zanen gini. Wanda ya zaga unguwar Birni a Damagaram, ko ya shiga Gidan Makama a Kano, ya san abin da magininmu ke iya yi da ƙasa da makuba da farar ƙasa: dagi da zankwaye da zanen da ke fitowa daga jikin ginin kansa, wanda idan ya tsufa ana sabunta shi da yaɓe, sabuntawar kuma ita ce gyaran bangon. A wancan tsari ado da kariya aiki ɗaya ne. A yau ma hannun bai mutu ba. 'Yan matan da ke zana lalle a kowane biki furanni suke fitarwa, masu ɗinkin hula da masu sassaƙar ƙwarya suna da zanen da babu shi a wani bandir na China, ga kuma samarin da ke rubuta allunan shaguna da zanen jikin manyan motoci.

Don haka hana furen bango ba zai yi aiki ba, dokar rage tsadar aure ba ta cika daɗewa a gaban uwar amarya ba. Abin da zai yi aiki shi ne a juya kasuwar. Idan dole ne a yi fure, a fara gyara bango, a sa fenti ko farar ƙasa, a kira ɗan gari ya zana, kuɗin ya tsaya a Gumel. Kwalejin Ilimi ta Gumel da ƙananan hukumomin nan huɗu suna iya shirya gajeren horo ga masu lalle da masu fenti, su haɗa su da tsofaffin magina tun suna raye. Limamai kuma su riƙa tuna wa iyaye a huɗuba cewa kayan ɗaki tanadi ne ga 'ya mace. Ma'aunin kuma mai sauƙi ne: kafin uba ya biya kuɗin kowane abu a ɗakin 'yarsa, ya tambayi kansa ko za ta iya sayar da shi ranar da ta shiga matsi. Abin da ya faɗi wannan gwaji, ya jira har sai an sayi akuya da keken ɗinki.