Me Ya Sa Tafasasshen Ruwa Ba Ya Maye Gurbin Ledar Ƙarin Ruwa?

Da zarar damina ta kankama, amai da gudawa kan leƙo ƙauyukan jihar Sakkwato. A 2021, hukumar NCDC ta ƙirga sama da mutum 111,000 da ake zaton sun kamu da kwalara a Najeriya, fiye da 3,600 suka rasu.

Lissafin maganin ba shi da daɗin ji. Bisa ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya, wanda ruwan jikinsa ya ƙafe sosai yana buƙatar mililita 100 a kan kowane kilo na nauyinsa. Magidanci mai kilo 60 zai sha lita shida ta jijiya cikin sa'a uku, wato leda 12 mai rabin lita. A gari irin Dingyaɗi da ke ƙaramar hukumar Boɗinga, majinyata goma a dare ɗaya sun isa su share ma'ajiyar ƙaramin asibiti.

To, me zai hana a tafasa ruwan rijiya, a zuba gishiri, a ɗaura?

Tafasawa tana kashe ƙwayoyin cuta, amma ba ta kawar da gawarsu. A bangon jikin wasunsu akwai dafin da zafin tukunya ba ya lalatawa. Hanji na iya jure shi. Idan ya shiga jini kai tsaye, sai zazzaɓi da makyarkyata, wani lokaci jini ya faɗi warwas. Shi ya sa masana'anta ke mayar da ruwan tururi ta sake tara shi, ko ta matse shi ta matata mai tsananin ƙanƙantar ƙofa, sannan a auna gishiri giram 9 a kowace lita, a liƙe ledar, a gasa ta da tururi mai zafin digiri 121. Ma'aunin ma ba abin wasa ba ne: ruwa zalla a jijiya fasa jajayen ƙwayoyin jini yake yi. Injin tafi-da-gidanka ya samu, har NASA ta gwada ɗaya a tashar sararin samaniya a 2010, sai dai bai zama kayan asibitin karkara ba.

Abin da ake iya haɗawa a gida shi ne na sha. A 1971, da ledoji suka ƙare a sansanin 'yan gudun hijirar Bangladesh, likita Dilip Mahalanabis ya koma ga ruwan gishiri da sukari, mace-mace suka sauko daga kusan kashi 30 cikin ɗari zuwa ƙasa da 4. Wanda ya galabaita har ba ya iya haɗiya kuwa sai leda, kuma sayenta kafin ruwan farko ya sauka aikin ƙaramar hukuma ne da hukumar lafiya matakin farko ta jiha.