Kwamfuta Ba Ta San Kalmar Sirrinka Ba

Kwanakin baya, a wani shagon kwamfuta da ke Ɗanbatta, na tarar da wani ɗalibi ya manta kalmar sirrin da ya yi rajistar jarrabawa da ita. Ya dage lallai sai mai shagon ya duba cikin na'urar ya karanto masa ita. Mai shago ya ce ba ya iyawa, sai dai a sake wata. Yaron ya ɗauka ƙeta ce. Alhali kuwa gaskiya aka faɗa masa, domin duk tsarin da aka gina da kyau ba ya ajiye kalmar sirrin kowa. Wani abu daban yake ajiyewa.

Ni masanin halittu ne, don haka bari in ɗauko misali daga inda na fi sabawa. Idan aka dafa ƙwai, zafi yakan warware tsarin furotin ɗin da ke cikin farinsa, ya daskare, kuma sanyaya shi ba zai mayar da shi ɗanye ba. Haka nan geron da aka kai inji aka niƙa, ba mai iya haɗa garin ya koma tsaba. To, masana lissafi sun ƙirƙiro hanyoyi masu irin wannan hali, masu sauƙin bi ta gaba, masu wuyar komawa da baya. A wannan rubutu zan kira aikin niƙa, abin da ya fito kuma gari. Ranar da ka zaɓi kalmar sirri, kwamfuta takan niƙa ta, ta ajiye garin, ta watsar da kalmar. Gobe idan ka dawo ka buga, sai ta sake niƙawa ta gwada da na jiya. In sun yi daidai, ta buɗe maka. A nan ne misalin gero ya gaza, domin garin lissafi ba ya kuskure: kalma ɗaya gari ɗaya take bayarwa kullum, canjin harafi guda kuwa yakan sauya garin gaba ɗaya.

Ba haka aka faro ba. A farkon shekarun 1960, kwamfutar CTSS ta cibiyar MIT da ke Amurka tana ajiye kalmomin sirri a rubuce ƙuru-ƙuru cikin fayil guda. Wata rana aka yi kuskure, fayil ɗin ya bayyana a gaban duk wanda ya shiga na'urar, a madadin saƙon maraba.

Manhajar Unix, wadda Ken Thompson da Dennis Ritchie suka soma a ɗakunan bincike na Bell a 1969, ta bi hanyar niƙa. A 1979 Robert Morris da Thompson suka buga bayanin yadda suka yi. Sun ɗauki DES, tsarin ɓoye saƙo da gwamnatin Amurka ta amince da shi a 1977, suka juya shi. Kalmar sirrin ce ta zama mabuɗi, kuma da ita ake murɗa jerin sifiri zalla har sau 25 a jere. Da gangan suka yi wannan maimaici don a ɓata lokaci. Mai gaskiya sau ɗaya zai jira, ba zai ma lura ba. Ɓarawo mai gwada kalmomi miliyan kuwa sai ya jira sau miliyan.

Nan ne gaɓar da nake so ɗalibai su riƙe. Wanda ya sace fayil ɗin gari ba ya wahalar da kansa wajen mayar da gari tsaba. Cinta yake yi. Yakan niƙa sunayen mutane, da na garuruwa, da kalmomin ƙamus ɗaya bayan ɗaya, yana gwadawa da abin da ya sato. Morris da Thompson sun tattara kalmomin sirri 3,289, suka tarar kashi 86 cikin ɗari gajeru ne ko kuma masu saurin cintuwa. In da a nan ne aka yi binciken, ina kyautata zaton sunan gari da shekarar haihuwa, irin su danbatta2007, za su cika kwando.

Dabararsu ta biyu ita ce gishiri, kuma haka suka kira ta da kansu. Kafin a niƙa, na'ura takan zaɓi lamba ɗaya daga cikin 4,096, wadda ke ɗan sauya yadda injin ke murɗawa. Saboda haka ko da Audu da Binta sun zaɓi kalma ɗaya, da wuya garinsu ya zo ɗaya, kuma ɓarawon da ke son ya niƙa ƙamus ya ajiye tun da wuri sai ya tanadi kwafi 4,096. Ba a ɓoye gishirin. Abin da ake ajiyewa haruffa 13 ne, biyun farko gishiri, sha ɗayan gari.

Amma tsarin yana da rauni babba: haruffa takwas na farko kawai yake dubawa, saura ko oho. Haruffan Turanci ƙanana 26 a gurabe takwas suna ba da haɗi kusan biliyan 209. A 1979 wannan dutse ne. A yau kwamfutar wasannin yara mai katin zane mai ƙarfi tana iya cinye shi ba tare da dogon jira ba.

Na kamfanin Microsoft ya fi muni. Tsohon tsarin LAN Manager, wanda Windows ya daɗe yana ɗauke da shi, yakan mayar da dukkan haruffa manya, ya raba kalma mai haruffa 14 gida biyu, bakwai-bakwai, ya niƙa kowane ɓangare shi kaɗai, ba gishiri ko ƙwaya. Malaman lissafi, ga aikin allo: 26 sau kansa sau bakwai ya kai biliyan 8 da ɗoriya. Ɓangarori biyu biliyan 16 ke nan. Da a ce an bar haruffa 14 a haɗe, da adadin ya zama biliyan 8 sau biliyan 8. A ganina wannan kuskuren magini ne tun daga tushe, ba tsufa ba. Sai a Windows Vista aka daina ajiye irin wannan gari kai tsaye.

Magadan waɗannan hanyoyi, wato bcrypt na 1999 da Argon2 wanda ya lashe gasar masana a 2015, sun riƙe gishiri da jinkiri, sai dai sun bar wa mai kula da na'ura damar ƙara nauyin niƙan duk lokacin da kwamfutoci suka ƙara sauri. Ga kuma gwajin da kowa zai iya yi: idan ka manta kalmarka, wani shafi ya aiko maka da ita yadda take, to ka san bai niƙa ta ba.

Wani tsohon fayil na Unix daga Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley ya tsira har zamaninmu, ɗauke da garin kalmomin magabatan fannin. Masu sha'awa suka yi ta cinta. Ta Stephen Bourne sunansa ce kawai, ba ta ɗauki lokaci ba. Ta Ken Thompson kuwa ta gagara sai a 2019, bayan na'ura ta shafe kimanin kwana huɗu tana gwaji. Haruffa takwas ne cif, p/q2-q4!, wato yadda ake rubuta wani motsin buɗe wasan ches, wasan da shi kansa ya taɓa ƙera wa na'ura mai suna Belle.