Fatar akuyarka kuɗi ce: daga wuƙar fiɗa zuwa hannun baduku

Ranar da aka yi yanka a gidanka, ko na suna ne ko na layya, hankalin kowa yana kan nama. Fatar kuwa sai a dunƙule ta a jefa bayan ɗaki, ƙuda na bi, kare na ja, sai da yamma wani ya tuna da ita. Washegari ka kai wa mai sayen fata, ya buɗe ya shinshina, ya ja gashin da yatsa biyu ya ga yana tugewa, ya yi maka tayin da bai kai kuɗin mashin ɗin da ka hau ba. Ka dawo kana cewa 'yan fata ba su da tausayi. Wani lokaci da gaskiyarka. Amma sau da yawa kuɗin fatar nan tun a gidanka ya zube, kafin ma ya gan ta.

Ka fara sanin abin da ke garkenka. Jar akuyar nan ta Sakkwato, wadda 'yan'uwanmu na Nijar ke kira jar akuyar Maraɗi, fatarta tana cikin fatun awaki da aka fi nema a duniya. Fuskarta sumul take, ga ƙarfi, ga laushi idan ta jemu. Shekaru aru-aru fatake suna ɗaukar jemammiyar jar fatar ƙasar Hausa su ƙetare Sahara da ita zuwa Arewacin Afirka, daga can ta shiga Turai, inda aka laƙaba mata sunan fatar Maroko saboda ta hannun da ta iso musu. Da ita suke yi wa manyan littattafai bango. Baturen nan ɗan Jamus, Heinrich Barth, da ya zo Kano a 1851, ya rubuta yadda takalma da jemammun fatu ke cikin manyan kayan da birnin ke fitarwa. Har yau majemar Ƙofar Wambai tana aiki, ga kuma manyan masana'antun jima a Challawa da Sharaɗa. Duk waɗannan babu abin da suke jira sai fatar da za ta fito daga gida irin naka.

Lalacewar fata tun dabba na da rai take farawa. Duk cizon kaska tabo ne da ba ya ɓacewa. Ƙazuwa da kirci su ne suka fi muni, domin ko an warke, wurin yana fitowa kamar rariya bayan an jeme. Haka bulala, haka karcen waya mai ƙaya, haka ƙahon 'yar'uwarta idan an cunkusa su a mota zuwa kasuwa. Gashi yana rufe duk wannan, shi ya sa ba ka gani. Majemi kuwa da ya cire gashin sai komai ya bayyana, kuma da yake ya sha ƙonewa, tun wajen saye yake rage kuɗin.

Sai maganar lalas. Idan dole ne ka yi wa saniyarka alama da wuta, to kada ka ɗora ƙarfen a gadon baya ko haƙarƙari ko ɗuwawu, nan ne tsakiyar kirgi, inda baduku ke yanko kayan da suka fi tsada. Ka sauko da alamar ƙasa can wajen ƙafa, ko ka koma ga alamar kunne.

Ranar yanka

Ka bar jini ya tsiyaye sosai, domin jinin da ya saura a jijiyoyin fata yana saurin jawo ruɓa. A fiɗar akuya da tunkiya, aikin wuƙa kaɗan ne: ka tsaga daga wuya zuwa gindin wutsiya a miƙe, ka tsaga ƙafafu, sauran aikin na hannu ne. Ka rataye dabbar, ka riƙa tura dunƙulen hannunka tsakanin fata da nama tana saɓulowa. Tsofaffin mahauta haka suke yi, kuma ba don ba su da wuƙa ba ne. Huda ɗaya a tsakiya ta isa ta sauko da fata daga lamba ɗaya zuwa ta ƙasa. Akwai ma wadda ta fi huda ɓoyuwa, wato inda wuƙa ta zaftare rabin kaurin fatar ba ta fasa ba. Ba ka gani, sai an zo miƙe ta a majema ta yage. Ga saniya dole sai da wuƙa, to a nemi mai lanƙwasasshen baki marar tsini. Ka je wa maƙerin garinku ka yi masa bayani, zai ƙera maka, kuma za ta yi shekaru tana aiki.

Gargaɗi ɗaya da ba wasa a cikinsa: dabbar da ta faɗi ta mutu farat ɗaya, musamman idan jini na fita ta hanci ko baki ko dubura, kada ka feɗe ta don kwaɗayin fata. Alamar ciwon saifa ke nan, yana kama mutum, kuma ƙwayar cutar tana daɗewa da rai a busasshiyar fata da cikin ƙasa. A watan Yulin 2023 hukumomi sun tabbatar da ɓullarsa a wata gona a Suleja ta jihar Neja. Ka kira ma'aikacin dabbobi, kada ka bari yara su taɓa.

Da an gama fiɗa, agogo ya fara bugawa. A zafinmu, awa huɗu zuwa shida sun isa fata ta soma ruɓewa, kuma wannan tugewar gashin da mai saye ke gwadawa ita ce shaidar. Saboda haka tun kafin a zauna rabon nama, a sa mutum ɗaya ya kula da ita. A wanke jini da kashi, a kankare ragowar kitse da nama a hankali, a bar ta ta huce a inuwa. Kada a cusa ta a leda tana da ɗumi, dafa ta ka yi ke nan.

Hanya biyu ce gare ka, gishiri ko shanya. Idan gishiri ne, ka shimfiɗa fatar gashi a ƙasa, ka zuba gishiri a ɓangaren nama kamar kashi ɗaya cikin uku na nauyin fatar, har zuwa rabi. Fatar da ta kai kilo ɗaya da rabi, rabin kilo na gishiri shi ne mafi ƙaranci. Ka goga shi ya kai har gefe-gefe, wajen wuya da ƙafafu, domin nan take naɗewa ta ruɓe. Ka ɗora ta a kan katako mai ɗan gangare ruwan ya tsiyaye. Kada ka sake amfani da gishirin da ya riga ya sha jini. Na san gishiri kuɗi ne, amma mai rowar gishiri asara biyu yake yi, ta fatar da ta ɗan gishirin da ya barbaɗa.

Idan shanya ce, nan ne yawancinmu muke kuskure. Mun saba a baje fata a ƙasa cikin rana tsaka a kafe ta da tsinke. Abin da ke faruwa shi ne bayanta ya ƙandare da wuri ya kulle danshi a ciki, ga ƙasa ta hana iska ratsawa. Kana ganinta garau, ashe cikinta ya lalace, sai an jiƙa ta a majema ta soma ɓarewa. Daidai shi ne a haɗa itace huɗu kamar ƙyauren ƙofa, a huda gefen fatar, a ɗaure ta da igiya ta miƙe ba tare da an ja ta fiye da kima ba, a tsayar a inuwa inda iska ke bugun ta gaba da baya. Da hunturu kwana kaɗan ta bushe. Da damina kuwa gishiri ya fi. Bayan ta bushe ka ajiye ta sama da ƙasa, kana dubawa saboda ƙwarin da ke cin busasshiyar fata da ɓeraye. Ko fatar layya ce da za ka bayar sadaka, ka yi mata gishirin nan kafin masu karɓa su iso, don abin da ka bayar ya amfani wanda aka ba.

Abin da majemi ke nema yana gonarka

Jimar gargajiya kusan duk kayanta na karkara ne. Ana jiƙa fata ta yi laushi, a sa ta cikin ruwan toka da kanwa ko farar ƙasa har gashi ya saki, a kankare da kartaji, a jiƙa ta cikin ruwan kashin kaji ko na tantabara don ta yi taushi, a wanke, sannan a tsoma ta cikin ruwan bagaruwa. Bagaruwar ita ce jimar. Sinadarin da ke cikin kwansonta, wannan mai ɗaure baki idan ka tauna, shi ke shiga cikin fata ya hana ta ruɓa. Ana farawa da ruwa marar ƙarfi a riƙa ƙarawa, domin idan aka fara da mai kauri sai waje ya jemu ciki ya saura ɗanye. Majemi yakan yanki gefen fatar ya duba ko launin ya ratsa. Daga nan a shafa mata man gyaɗa, a yi ta murzawa da bugu, a shanya a inuwa.

To ka ga bishiyar bagaruwar da ke bakin fadamarka, wadda kake shirin sarewa don ta hana shuka rana, tana da mai sayen 'ya'yanta duk shekara. A tsince su bayan sun nuna sun bushe, a ware waɗanda suka sha ruwa suka yi fumfuna, a adana a buhu wuri marar danshi. Sai dai a kiyaye abu guda: bagaruwa ba ta shiri da ƙarfe. Ruwanta ya haɗu da tsatsa, baƙi zai koma, ya ɓata fatar da tabo. Shi ya sa ake jima a kwatarniya ko ramin siminti ko robar ruwa, ba a tsohon duro na ƙarfe ba. Dukawa ma wannan rashin jituwar suka mayar sana'a, baƙin rinin nan da suke kira kuloko da ƙarfe ake haɗa shi, da ya taɓa fatar da ta sha bagaruwa sai ya kama. Jan launi kuma daga karan dafi yake fitowa, wata irin dawa da ake shukawa don jan ɓawon karanta, a daka a haɗa da ruwan kanwa. Kunya biyu ko uku a gefen gona sun isa ka gwada, amma ka fara tambayar dukawan kasuwarku ko suna saye, domin rinin kanti ya ƙwace wani ɓangare na wannan ciniki.

Ga ƙungiyoyi, shawarata kada ku fara da cewa za ku buɗe majema. Ku fara da tarawa. Mutum ɗaya da fata biyu ba shi da bakin ciniki, amma ƙungiyar da ta tara ɗari, duk masu gishiri, an ware na awaki daban na tumaki daban, marasa huda daban, ita ce za ta kira dillali ya zo ya same ta. Ku sayi gishiri buhu-buhu kafin sallah, ku zaɓi mutum biyu su koyi tantance fata, ku rubuta sunan kowa da lambar fatarsa don mai kyau ya karɓi kuɗin mai kyau. Idan kuka raba kuɗin daidai wa daida, baɗi babu wanda zai wahalar da kansa.

Idan wannan ya zauna shekara ɗaya ko biyu, sai ku yi tunanin jima da ɗinki a matsayin aikin rani. Jima ba a koyon ta a takarda, har da wannan da kake karantawa. Ku ɗauko majemi ku biya shi ya zauna da matasanku, ko ku tura biyu daga cikinsu su koyo. A Zariya akwai cibiyar gwamnatin tarayya ta fasahar fata, NILEST, wadda ke horar da mutane kan jima da haɗa takalma da jakunkuna. Ku sa ramin jima nesa da rijiya da inda dabbobi ke shan ruwa, kuma nesa da gidaje, don warin ba ƙarami ba ne.

Wajen ɗinki ma, ku fara da abin da maƙwabcinku zai saya ranar kasuwa: takalmi faɗe, kuben wuƙa, jakar makaranta, ɗamara, ragamar doki, madaurin shanun huɗa. Tumtum mai ado da jakar mata ta 'yan birni suna da riba, amma suna son hannun da ya ƙware da kuma wanda zai kai su Kano ko Abuja, kuma kuɗinku na iya kwanciya wata da watanni kafin a saya. Kayan aikin farawa ba su da yawa, wuƙar yanka, basilla, abin huda, da ɗan ƙarfen buga ado, kuma maƙerin da ya yi muku wuƙar fiɗa zai iya ƙera yawancinsu daga tsohon ƙarfen mota. Guntayen da suka rage kada a zubar, ana tufka igiya da su, ana kuma yin maɗaurin makulli da ɗan gidan waya.