Tsohon Murhu da Maganaɗisun Duniya

Tun kaka da kakanni ake dafa gishiri a kwarin Foga, wajejen Bana da Bengu, cikin gundumar Gaya. A tace ƙasa mai gishiri da ruwa, a ɗora ruwan a wuta har ya ƙafe. Ƙasan murhun da ya daɗe yana shan wuta yakan yi jawur, ya yi tauri, in an ƙwanƙwasa sai ya yi amo. Manomi ya ci karo da shi a gona, ya sa fartanya ya fasa, bai san ya fasa abin da masana ke nema ruwa a jallo ba.

A cikin laka akwai ɓurɓushin tama wanda ido ba ya gani, kowace ƙwaya maganaɗisu ce mai kanta. Idan zafi ya haura digiri 580, irin tamar da ake kira magnetayit sai ta saki jan da take riƙe da shi. Yayin da take hucewa, jan ƙwayoyin yakan fuskanci inda maganaɗisun duniya ya nufa, kamar allurar kamfas, ya kafe a haka. Shi kuwa maganaɗisun duniya ba ya zama wuri ɗaya, yana karkata sannu a hankali. Ke nan murhu yana riƙe da alƙiblar ranar da wutarsa ta ƙarshe ta mutu.

Har zuwa yaushe? Louis Néel, masanin Faransa, ya ba da amsa a 1949, ya kuma sami kyautar Nobel a 1970. Ya nuna cewa ko zafin rana na yau da kullum yana girgiza alƙiblar ƙwaya, har wata rana ta juya, alhali ita ƙwayar ba ta motsa daga inda take ba. Jinkirin juyawar ya danganta da girmanta da zafin wurin. Ƙwayar da ba ta kai nanomita 25 ba (a raba milimita gida miliyan, kashi ɗaya shi ne nanomita) kafin ƙiftawar ido ta juya ta manta. Ta ɗan ƙara girma kaɗan, sai ta riƙe na shekaru miliyoyi. Wannan tazara ita ce ta fi ba ni mamaki a duk lamarin.

Masu saurin mantuwar ma suna da rana. A Jamus an gwada zuba su cikin kansar ƙwaƙwalwa, a kunna maganaɗisu mai juyawa, su yi ta jujjuyawa har su ɗumama ƙarin ya raunana. Masu ƙera ma'ajiyar kwamfuta kuwa tsoronsu suke ji, don ƙwayar da ta manta ta tafi da bayanai.

Awon alƙiblar da tsohon murhu ke riƙe da ita ya yi ƙaranci ƙwarai a Afirka ta Yamma in an kwatanta da Turai. An yi shi a tsofaffin wuraren narka tama na Korsimoro a Burkina Faso, kuma haƙan da aka yi a Birnin Lafiya, tsallaken Kwara a Benin, ya nuna yankin Dendi, inda Gaya take, cike yake da tsofaffin kufai. Sai dai ba a iya karanta alƙibla daga murhun da aka gusar. Saboda haka ina roƙon manoma da masu gari na Bana: in kun tono tsohon murhu, ku bar shi a mazauninsa, ku aika wa malaman jami'ar Dosso ko ta Abdou Moumouni da ke Yamai.