Mata Masu Fasaha da Sunayen da Tarihi Ya Tsallake

A bayan takardar naira ashirin akwai hoton wata mata tana ginin tulu. Ita ce Ladi Kwali, Bagwariya 'yar garin Kwali, wadda ta rasu a Minna a 1984. Yawancin masu kashe takardar ba su san labarinta ba, waɗanda suka sani kuma sun ji shi ne a karkace: wai wani Bature mai suna Michael Cardew ne ya tono ta. A 'yan shekarun nan masu binciken fasahar mata sun soma warware wannan labari, kuma aikin nasu yana da asali.

A 1971 wata malamar tarihin zane a Amurka, Linda Nochlin, ta fitar da maƙalar da ta tayar da ƙura, inda ta tambayi dalilin da ya sa ba a jin mata a cikin manyan masu zane. Amsarta ita ce ba basira suka rasa ba, ƙofa aka rufe musu. Babbar makarantar zane ta birnin Paris, alal misali, sai a 1897 ta fara karɓar ɗalibai mata. Daga nan masana suka shiga ɗakunan ajiya suna haƙo sunaye. Judith Leyster ta ƙasar Holan ta yi zane a ƙarni na 17, amma aka yi ta sayar da aikinta da sunan wani mai zane namiji, Frans Hals, har zuwa 1893, lokacin da aka gano alamar sa hannunta a jikin wani zane.

Sai dai haƙo sunaye bai isa ba. A 1981 Rozsika Parker da Griselda Pollock a Ingila suka juya tambayar: wa ya yanke hukuncin cewa zanen fenti a kan ƙyalle shi ne fasaha, saƙa da ɗinki da ginin tukwane kuwa sana'ar hannu ce kawai? Suka nuna cewa layin da aka ja ya bi daidai inda aikin maza ya rabu da na mata. A ganina nan ne wannan fanni ya fi amfanar mu, domin a ƙasashenmu galibin fasahar mata tana jikin kayan amfanin gida ne, a faifai, a ƙwarya, a hula, a tulu.

Mu koma ga Ladi. Kafin Cardew ya gan ta, ta riga ta goge a hannun wata gwaggonta, tana gini da hannu ba tare da injin juyi ba, tana zana kunama da hawainiya da kada da kifi a jikin tulunanta. Sarkin Abuja, Alhaji Sulaimanu Barau, yana tara ayyukanta, a gidansa ma Baturen ya fara ganinsu. A 1954 ta shiga cibiyar koyar da ginin tukwane ta tsohuwar Abuja, wato Suleja ta yau, ita ce mace ta farko a wurin. Abin da sabon bincike ya lura da shi yana da ban sha'awa. Da aka shafa wa tulunanta sinadarin sheƙi aka gasa su a wuta mai tsanani, sai suka yi nauyi, suka kuma daina sanyaya ruwa, domin tulu da gumi yake sanyaya abin da ke cikinsa. Sai da tulun ya daina aikin tulu sannan Landan ta kira shi fasaha. Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977, a 2022 kuma masaniya Jareh Das ta shirya baje koli a Landan da ya sa Ladi a matsayin uwar wata zuriya ta mata baƙaƙen fata masu aikin yumɓu, ciki har da Magdalene Odundo 'yar Kenya, wadda ta je Abuja ta koyi gini.

Ko a Zariya ma labarin bai canza ba. Duk ɗalibin zane ya haddace sunayen Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, ɗaliban da suka bijire wa tsarin Turawa a ƙarshen shekarun 1950. Nawa ne suka san Clara Ugbodaga-Ngu, wadda take koyarwa a kwalejinsu a lokacin?

Ba duk abin da ya fito daga wannan fanni ne za a haɗiye ba. Masana 'yan Afirka irin su Nkiru Nzegwu sun daɗe suna gargaɗin cewa ma'aunin Turai ba ya auna rayuwar matan Afirka daidai, kuma suna da gaskiya. Macen da take ginin tukwane a ƙauye ba ta jiran wata makaranta ta buɗe mata ƙofa, iliminta daga uwa da kaka ya zo. Matsalarta daban ce: idan kayanta ya shiga gidan tarihi, sai a rubuta sunan ƙabilarta a maimakon nata.

Wannan kuwa gyara ne da ba sai an jira Turai ba. Ɗalibai da malaman jami'o'inmu da ma'aikatan gidajen tarihi su shiga garuruwa su rubuta sunayen masu saƙar faifai da sassaƙar ƙwarya da ɗinkin hula, da na waɗanda suka koya musu, tun tsofaffin cikinsu suna da rai.