Tukunyar Ruwan Zafi Ta Bango: A Duba Mafitar Hayaƙi Kafin A Yi Ciniki

Yau maganarmu a kan tukunyar nan ce ta ruwan zafi da ake kafewa a bango, mai aiki da gas, wadda Turawa ke ɗumama gida da ita, su kuma sami ruwan wanka. Idan irinta ta faɗo hannunku cikin kayan gwanjo na Turai, mai otal ko mai gida ya zo zai canja tsohuwarsa, to kada a fara da kuɗi. A fara da tambaya biyu: ina hayaƙi zai fita, ina kuma ruwa zai zuba?

Ga dalili. Tun shekarar 2005 doka a Ingila ta ce sabuwar tukunyar gas da za a kafa a gida ta zama irin mai tatse zafin hayaƙinta kafin ya fita. Tana da tattalin gas, gaskiya ne, amma da hayaƙin ya huce sai ya zama ruwa mai tsami yana ɗiga, wani lokaci har lita 2 a awa guda. Ruwan nan yana cin ƙarfe da siminti, don haka bututun roba ake sa masa, a karkata shi ya gangara kwata. Tsohuwar tukunya ba ta da wannan bututu, shi ya sa sau da yawa gurbin da ta bari ba ya karɓar sabuwa. A can Ingila, a sanyin 2010 da na 2018, bututun da aka bi da su ta waje sun daskare, tukwane suka tsaya cak. Mu nan ƙanƙara ba ta dame mu ba, rashin magudana ne matsalarmu.

In kwata ta yi nisa, akwai ɗan injin famfo mai tura ruwan, amma da an ɗauke wuta ya tsaya. Ko kuwa a haƙa rami a waje, nesa da harsashin gini, a zuba tsakuwar farar ƙasa mai kashe tsami.

Batun hayaƙi ya fi wannan nauyi, domin rai ne. Gas in bai ƙone sosai ba yana fid da iskar guba marar launi marar wari, irin ta janareta da gawayi a rufaffen ɗaki. A zaɓi tukunya mai bututu biyu, ɗaya cikin ɗaya: na ciki na fid da hayaƙi, na waje na jawo iska daga waje. Bakinsa kada ya kusanci taga. A Ingila aƙalla santimita 30 ake bari. Tukunyar da ta zo ba bututunta, rabin kaya ce, kada a ƙirƙira mata wani wajen mai walda.

Sa'an nan yawancin na Turai an saita su ne da gas na bututun gari. Namu na silinda ne, sai ƙwararre ya canja mata kan wuta.

In bango ba mafitar hayaƙi, ba kuma magudana, dillali ya faɗi gaskiya: a sayi hita ta lantarki, ba ta hayaƙi. La'adar yau ba ta kai ran mutum ba. A kai mai gyara ya ga bangon tukuna, kana a sallama.