Macen Da Ba Ta Da Wurin Kwana, Ga Kuma Shaye-shaye

’Yan makarantar yaƙi da jahilci na Tajaye, da na Ƙonni, da Malbaza, da Ilela, barkanku da ƙoƙari.

Yau za mu yi magana a kan wata ’yar'uwarmu. Kuna ganinta a bakin tasha ko a rumfar kasuwa. Nan take kwana. Wata aurenta ne ya mutu, gidan iyaye kuma babu hatsi. Wata tun tana ƙarama aka yi mata auren da ba ta so, ta gudu. Ta shigo birni neman abinci. Yunwa da tsoro suka hana ta barci. Sai wani ya miƙa mata ƙwaya ko giya, wai ta manta da damuwa.

Ƙwayar da ta fi yawa ita ce tramol. Asalinta maganin ciwo ne mai tsanani, likita ke rubuta ta, ƙwaya ɗaya miligiram 50 ko 100. Wadda ake sayarwa a ɓoye takan kai 225. Tana sa mutum ya faɗi yana shure-shure kamar mai farfaɗiya. In jiki ya saba da ita, ba ya iya bari da kansa. Wannan ciwo ne. Duka da zagi ba su warkar da shi.

A Najeriya, maƙwabciyarmu, an yi bincike a 2018. An gano cikin kowane mutum 4 masu shan ƙwaya, 1 mace ce. Amma mata kaɗan ne ke zuwa neman magani, saboda kunya da tsoron gori.

To, me za mu yi?

1. A fara da abinci da wurin kwana. Wanda ke kwana a titi ba ya jin wa'azi. Mai unguwa da liman da dattawan mata su samo mata ɗaki a gidan mutunci.

2. A kai ta likita. Mace ta raka ta. Wadda ta daɗe tana shan giya kullum, kada ta bari rana ɗaya ba tare da ma'aikacin lafiya ba. Jikinta zai iya yin rawa, ta suma, har ta mutu.

3. In tana da ciki, a gaya wa ungozoma gaskiya. Giya da ƙwaya suna isa ga jariri.

4. In kun tarar da ita a sume, ku kwantar da ita a gefe ɗaya don kada amai ya shaƙe ta. Kada ku ɗura mata ruwa ko nono. Ku nemi mota maza.

5. In ta sami sauƙi, ta sami sana'a. Asusun Mata Masu Dubara, wanda aka fara a jihar Maraɗi a 1991, yana ba mata rancen jari. Ku karɓe ta cikin ƙungiya.

Mai yiwuwa ta koma shan. Kada ku kore ta. A sake kai ta likita. Sannu ba ta hana zuwa.

Ku tattauna a aji: in irin wannan mace ta iso garinku yau da dare, gidan wa za ta kwana?

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.